BIOMASS: manhajar auna nauyin bishiyoyi kyauta, da inda take tuntuɓe a dajinmu

Duk wanda ya taɓa dawowa daga daji da takardun awo cike da kaurin bishiyoyi da tsayinsu ya san rabin aiki kawai ya yi. Sauran rabin yana kan tebur: a mayar da lambobin nan su zama tan nawa na itace ke tsaye a hekta ɗaya, kabon nawa ke ciki, kuma kuskuren da ke tattare da amsar ya kai yaya. An daɗe ana yin wannan a Excel, kowa da dabararsa, kowa da inda ya kwafo ƙa'idar lissafinsa. Sai mutum biyu su auna daji ɗaya su fito da amsa biyu, kuma babu mai iya bin sawun ɗan'uwansa ya gano inda aka rabu. Ƙunshin BIOMASS, wato tarin umarnai da ake ɗorawa a cikin manhajar ƙididdiga ta R, an yi shi ne don toshe wannan ɓaraka.

Masu bincike a Faransa ne suka fitar da shi, Maxime Réjou-Méchain da abokan aikinsa, cikinsu har da Jérôme Chave, kuma sun wallafa bayaninsa a 2017. Cibiyar AMAP da ke Montpellier ce ke kula da shi. Kyauta ne, kamar yadda R ɗin kanta take kyauta, kuma komai nasa a buɗe yake: idan ka rubuta sunan wani umarni kawai ka danna, zai zubo maka da lissafin da ke cikinsa layi-layi. Hukuncinmu a kansa shi ne, ga dajin kurmi mai dogayen bishiyoyi da ba a sara, da wuya ka sami abin da ya fi shi a kyauta. Ga gonakin Sahel da bishiyoyinsu da ake sassaɓe wa rassa duk rani, yana da amfani ƙwarai, amma sai mai shi ya san inda zai riƙe masa linzami. Matsalar ita ce ba ya ƙorafi. Ka ba shi shirme, ya lissafa maka shirme da lambobi shida bayan ɗigo.

Saka shi ba wuya. A fara saka R daga rumbun CRAN, a ɗora RStudio idan ana son allo mai sauƙin aiki, sannan a kira install.packages da sunan ƙunshin. Zai jawo wasu ƙunshe-ƙunshe da yake dogara da su, kuma masu nauyin ciki su ne na taswira, irin su sf da terra. A Windows suna zuwa a haɗe, ba ruwanka. A Linux kuwa sai an riga an saka GDAL da PROJ da GEOS, in ba haka ba sakawar ta tsaya a tsakiya da dogon saƙon da ba ya nuna ainihin abin da ya ɓace. Wanda intanet ɗinsa ke yankewa ya yi wannan aiki sau ɗaya a inda layi ke da ƙarfi, kuma ya kira createCache tun ranar farko, domin fayilolin da ƙunshin ke saukowa da su daga baya su zauna a kwamfutarsa, kada ya riƙa sayen data a kan abu ɗaya kullum.

Kafin a kai ga bishiya ma akwai tarko a wurin shigar da bayanai. Excel ɗin da aka saita da Faransanci, kamar yadda aka saba a Nijar da Kamaru da Chadi, yana rubuta 23,5 a inda na Najeriya da Ghana ke rubuta 23.5, kuma yana raba gurabe da waƙafi mai ɗigo. Idan aka buɗe irin wannan fayil da read.csv, ko dai komai ya cure a gurbi ɗaya, ko R ta ɗauki kaurin bishiya a matsayin rubutu. Maganinsa read.csv2. Haka sunayen Hausa masu ƙ da ɗ da ɓ: a ajiye fayil ɗin a tsarin UTF-8, in ba haka ba kaɗanya ta rikiɗe ta zama wasu alamomi, a wayi gari nau'i ɗaya ya rabu gida uku a cikin jadawali. Bayan shigarwa a kira str da summary a duba. Minti biyu ne, kuma a nan ake kama bishiya mai tsayin mita 120 da aka manta ɗigonta.

Zuciyar ƙunshin ita ce ƙa'idar lissafin da Chave da abokansa suka fitar a 2014, daga bishiyoyi 4004 da aka sare aka auna a wurare 58 na yankuna masu zafi. Tana buƙatar abu uku: kauri, wato faɗin gangar jiki daga gefe zuwa gefe a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, da santimita. Tsayin bishiya da mita. Sai nauyin ƙwayar itacen, wato giram nawa na busasshen itace ke cikin santimita kubik ɗaya na ɗanyensa. Ga yadda take:

nauyi da kilo = 0.0673 × (nauyin ƙwaya × kauri × kauri × tsayi)^0.976

Ɗauki bishiya mai kaurin santimita 40, tsayin mita 12, nauyin ƙwaya 0.6. Abin da ke cikin baka ya zama 11,520, amsa kuma ta kama kilo 619. Umarnin computeAGB zai nuna maka 0.619, domin shi da tan yake bayarwa, ba da kilo ba. Mutane da yawa sukan ga ƙaramar lambar su ɗauka wani abu ya lalace. Kimanin kashi 47 cikin 100 na wannan nauyi kabon ne, wato tan 0.29, idan kuma ana son a faɗe shi da iskar kabon dayoksaid sai a ninka da 44 a raba da 12, a sami tan ɗaya da 'yan kai.

Dubi yadda kauri ya shiga lissafin sau biyu. Kuskuren kashi 10 cikin 100 a tsayi yana jawo kuskuren kusan kashi 10 a nauyi, amma irinsa a kauri yana jawo kashi 20. Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne na tef. Tef ɗin aikin daji na musamman yana karanta kauri kai tsaye idan an zagaya shi. Tef ɗin tela ko na magina kuwa kewaye yake bayarwa, sai an raba da 3.1416. Bishiyar nan mai kaurin 40 kewayenta 126 ne. Idan aka shigar da 126 a gurbin kauri, nauyinta ya tashi daga kilo 619 zuwa kusan tan 5.8, fiye da ninki tara, kuma ƙunshin ba zai ce uffan ba, tunda akwai bishiyoyi masu kaurin 126 a duniya. A rubuta a saman takardar awo, da manyan baƙaƙe, wane tef aka riƙe. Wanda ya shigar da nauyin ƙwaya a matsayin 600 maimakon 0.6 shi ma zai ga amsarsa ta kumbura fiye da ninki 800, sai dai wannan ba ya ɓuya, ido ba mudu ba amma ya san kima.

Aikin gaske yana farawa da sunaye. Umarnin correctTaxo yana aika sunayen kimiyya da ka rubuta zuwa wani rumbu ta intanet, ya dawo da su a gyare, tare da nuna waɗanda ya taɓa. Yana kama kuskuren rubutu sosai. Abin da ba ya yi shi ne fassara sunan gida. Gawo da marke da kirya sai ka haɗa musu naka jadawalin mai gurbi biyu, sunan Hausa da na kimiyya, kuma wanda ya san tsirrai ya duba shi, domin suna ɗaya irin ɓaure yana iya rufe nau'i fiye da ɗaya, wani sunan kuma yana sauya ma'ana daga Katsina zuwa Damagaram.

Akwai wani abu a nan da ya shafe mu fiye da kowa. Masana tsirrai sun raba dangin Acacia, suka mayar da na Afirka ƙarƙashin sababbin sunaye. Bagaruwa da aka sani da Acacia nilotica ta zama Vachellia nilotica, dakwara ta tashi daga Acacia senegal zuwa Senegalia senegal. Tun kafin wannan, gawo ya bar Acacia albida ya koma Faidherbia albida, kaɗanya kuma ta bar Butyrospermum ta zama Vitellaria paradoxa. Rumbun nauyin ƙwayar itace da ƙunshin ke ɗauke da shi an haɗa shi ne a 2009. Saboda haka mai gyaran suna zai iya kai ka ga sabon suna, mai neman nauyin ƙwaya kuma ya fi sanin tsohon. Ga kowace bishiya mai yawa a filinka, a gwada sunayen biyu da hannu, a ga wanne ya dawo da amsa mafi kusa.

Yadda ake gane mafi kusan shi ne abin da muka fi yabawa a getWoodDensity. Rumbun yana da ma'auni fiye da 16,000 na tsirrai fiye da 8,000. Idan ya sami nau'in bishiyarka, ya ba ka nasa. Idan bai samu ba, ya ba ka matsakaicin danginta, wato nau'o'in da ke da kalmar farko ɗaya a sunan kimiyya. Idan babu dangin, ya gangara zuwa zuriya, wato babban rukunin da ya haɗa dangogi da yawa, in ka ba shi ita, daga nan sai matsakaicin filin ko na dukkan bayananka. Kuma ba ya ɓoye abin da ya yi: gurbin levelWD yana faɗin matakin da kowace bishiya ta tsaya, nInd yana faɗin ma'auni nawa aka dogara da su. Kada a ƙirga wannan da yawan bishiyoyi kawai. A lissafa kashi nawa na jimillar nauyi ke hannun bishiyoyin da ba a same su a matakin nau'i ba. Manya uku da aka ba matsakaici sun fi ƙanana ɗari biyu tasiri. Sannan a lura da zaɓin yanki. Idan ba a taɓa shi ba, duniya gaba ɗaya yake ɗauka, wanda ke nufin matsakaicin dangin Acacia zai haɗa da na Ostireliya. A saita shi zuwa AfricaTrop, a kwatanta amsoshin biyu.

Inda nau'i mai muhimmanci ya ɓace, gara a auna da kai, kuma ƙunshin ya bar ƙofar hakan ta addWoodDensityData. Ana yanko ɗanyen guntu, a cire ɓawo, a auna girmansa nan take ta hanyar nutsa shi cikin kofin ruwa da ke kan sikeli: giram nawa sikelin ya ƙaru, santimita kubik ke nan. Sai a busar da shi a tanda a kan digiri 103 har nauyinsa ya daina sauka, a raba busasshen nauyi da ɗanyen girma. Shanya a rana ba ta wadatar ba, ruwa na saura a ciki, amsa ta haura. Haka lambobin da ke littattafan katako, yawancinsu na itacen da ke da danshin kashi 12 cikin 100 ne. Sai an ninka su da 0.828 kafin su dace, kamar yadda wani bincike na 2018 ya gyara tsohuwar lambar 0.861 da aka yi amfani da ita a da.

Tsayi ne wurin da aka fi yin asara. Auna tsayin kowace bishiya yana cin lokaci, shi ya sa ake auna wasu, a ƙera dangantakar kauri da tsayi, a cike wa sauran. Umarnin modelHD yana gwada siffofi huɗu, biyu na logaridim, da Weibull, da Michaelis-Menten, ya jera maka su tare da girman kuskuren kowanne da karkatarsa. Ba ya aiki da ƙasa da ma'auni 15, amma 15 ɗin ba abin dogaro ba ne. Shawarar da ta fito daga binciken filayen kurmi ita ce a auna kimanin 50 a wuri, a tabbatar guda 10 mafi kauri suna ciki. Dalilin a fili yake: manyan ne ke ɗauke da nauyin daji, kuma idan babu su a awon, layin zai yi ta hawa a inda bishiyar gaske ta daina tsawo. A kunna useWeight don manyan su fi rinjaye, kuma a kalli zanen da ido kafin a zaɓa. Siffar da ta fi ƙaramin kuskure a jadawali tana iya lanƙwasowa ƙasa a ƙarshen layi, ta ce bishiya mai kaurin 90 ta fi mai 70 gajarta.

Wanda bai auna tsayi ko ɗaya ba, retrieveH yana ba shi hanya biyu, kuma a nan ne mai aiki a savana ya kamata ya tsaya cak. Hanya ta farko ita ce dangantakar kauri da tsayi ta yankuna da Feldpausch da abokansa suka fitar a 2012, wadda ke da zaɓin WAfrica. Sunan yana jan hankali, ai mu ma Afirka ta Yamma muke. Amma daga dazukan kurmi masu ruwa aka samo ta, inda bishiyoyi ke tseren neman rana. A can bishiya mai kaurin 40 tana wuce mita 20 hankali kwance. Ɗorawa ko tsamiya mai wannan kauri a tsakiyar gona ba ta da abokin tsere, sai ta baje. Ka ba bishiyarmu ta ɗazu mita 24 maimakon 12, nauyinta ya kusa ninkawa biyu. Kada a yi amfani da wannan zaɓi a ƙasashen da ke arewa da yankin kurmi.

Hanya ta biyu ta fi dama. Tana amfani da wani ma'aunin matsin yanayi da ake kira E, wanda ya haɗa sauyin zafi tsakanin watanni, da ƙarancin ruwa a shekara, da yadda ruwan sama ke taruwa a 'yan watanni. Kai dai ka ba da wurin, ƙunshin ya ciro E daga taswira. Sai dai lambar gabas da yamma ake fara rubutawa, sannan ta arewa da kudu, saɓanin yadda na'urar GPS ta saba nunawa. Kano tana wajen digiri 8.5 gabas, 12 arewa. Idan aka juya su, an koma digiri 12 gabas, 8.5 arewa, wato kudancin jihar Adamawa wajen Ganye, ƙasa mai ruwa fiye da Kano nesa ba kusa ba. Wuri ne na gaske a kan tudu, saboda haka babu saƙon kuskure da zai fito. Bishiyoyin Kano ne kawai za su sami tsayin da ba nasu ba. A ɗora ɗigon filayen a kan taswira a gani kafin a wuce.

Abin da ya ɗaga BIOMASS sama da jadawalin Excel shi ne AGBmonteCarlo. Maimakon amsa ɗaya, yana maimaita lissafin har sau 1000, kowane zagaye yana ɗan girgiza kauri, da nauyin ƙwaya, da tsayi, da lambobin ƙa'idar kanta, gwargwadon kuskuren da aka san kowanne da shi. Zaɓin chave2004 na kauri yana ɗauka cewa kashi 95 na bishiyoyi an yi musu ƙaramin kuskure, kashi 5 kuma babba, mai kimanin santimita 4.6, irin wanda ake yi idan tef ya karkace ko an karanta lamba ba daidai ba. A ƙarshe ka sami matsakaici da iyakoki biyu da kashi 95 na amsoshin suka faɗa tsakaninsu. Idan ka kunna Carbon, ya kai lissafin har kabon. Umarnin summaryByPlot kuma ya tattara su fili-fili. Jimillar fili yake bayarwa, ba ta hekta ba. Fili mai mita 20 da 50, ko da'ira mai mita 17.84 daga tsakiya zuwa baki, kashi ɗaya cikin goma ne na hekta, sai ka ninka da 10 da kanka.

Sai dai a fahimci abin da iyakokin nan ke faɗa. Suna magana ne a kan bishiyoyin da ka auna. Ba su san cewa filaye goma sha biyu kawai ka ɗauka daga daji mai hekta dubu ba. Bambancin da ke tsakanin fili da fili, wanda a savana ya kan fi duk sauran kurakurai girma saboda kuka ɗaya na iya rinjayar filaye biyar, sai ka lissafa shi daban daga jimillar filayen. Rahoton da ya ɗauki ƙunƙuntar iyakar Monte Carlo ya liƙa wa dajin gaba ɗaya ya yi alƙawarin da bayanansa ba za su iya cikawa ba. Ta fuskar na'ura kuma, jadawalin da umarnin ke ajiyewa yana da layi ga kowace bishiya da gurbi ga kowane zagaye. Bishiya 100,000 sau 1000 megabait 800 ke nan a jadawali ɗaya, kuma ba ɗaya yake ƙerawa ba. Kwamfuta mai RAM gigabait 4 za ta sandare. A raba aikin fili-fili, ko a rage zagayen zuwa 200 lokacin gwaji.

Yanzu ga inda babu saitin da zai cece ka. Ƙa'idar 2014 ta ɗauka bishiya tana da kanta cikakke. Gawon da makiyaya suka sassare wa rassa don dabbobi a tsakiyar rani yana nan da kaurinsa, wataƙila ma da tsayinsa idan an bar reshe ɗaya a sama, amma rabin kansa ya tafi. Lissafi zai ba shi nauyin da ba ya ɗauke da shi. Mafi ƙarancin abin yi shi ne a ƙara gurbi a takardar awo na yawan saran da aka yi wa kowace bishiya, mataki uku ko huɗu, a kuma fitar da sakamakon waɗanda aka sara daban don mai karatu ya gani. Kuka matsalarta ta fi haka. Itacenta kamar soso yake, cike da ruwa, tsofaffinta da yawa kogo ne a ciki, gangar jikinta tana kumbura da damina ta motse da rani, kuma manyanta sun zarce kaurin bishiya mafi girma da aka gina ƙa'idar a kanta, wadda ta ɗan haura mita biyu. A cire kuka daga jimilla a ba da rahotonta ita kaɗai. Giginya da goriba ma ba su shiga, domin tsarin jikinsu daban ne da na sauran itatuwa, sai a nemo ƙa'idar da aka yi don irinsu. Rumbun GlobAllomeTree, wanda hukumar FAO ke cikin waɗanda suka kafa shi, wuri ne mai kyau na fara nema.

A ɗaya gefen kuma akwai ƙanana. Ƙa'idar ta fara ne daga kaurin santimita 5. Sabara da kalgo da ke tohowa daga kututture da rassa takwas ko goma, waɗanda su ne ƙashin bayan sassabin zamani, wato renon tohon kututture maimakon sare shi, a gonakin Maraɗi da Damagaram, yawancinsu ba su kai nan ba a shekarun farko. Wanda ya auna irin wannan gona da BIOMASS kaɗai zai ce babu komai a cikinta, alhali manomi yana ɗibar itacen girki daga ita duk shekara. Waɗannan suna buƙatar ƙa'ida ta gida, mai amfani da kaurin gindi kusa da ƙasa ko faɗin kai, wadda aka samo ta hanyar sara da aunawa a yankin. Inda bishiya ta rabu ƙasa da mita 1.3 kuma kowane reshe ya kai 5, a ba kowanne layinsa da lambar uwa ɗaya. Saiwa kuwa ƙunshin bai taɓa ta ba sam, abin da ke sama da ƙasa kawai yake lissafawa, ga shi a busasshiyar ƙasa ba ƙaramin kaso ke binne ba.

Game da girma, BIOMASS hoton rana ɗaya yake ɗauka. Ba ya hasashen abin da daji zai zama. Ana samun girma ne ta komawa filin bayan shekaru, kuma ingancinsa ya rataya a kan abin da aka yi ranar farko: lamba a jikin kowace bishiya, da zoben fenti daidai inda tef ya zauna. Bishiyar da ke ƙara 'yan milimita a shekara, idan aka sa tef ɗin taƙi ɗaya sama da na bara, kuskuren ya haɗiye girman. Shi ya sa tazarar shekara biyar ta fi ta shekara ɗaya, kuma a koma a wata ɗaya na shekara, kada a auna da kaka a dawo da bazara. Wajen lissafi a raba gida uku: waɗanda suka rayu, sababbin da suka kai kaurin awo, da waɗanda suka mutu ko aka sare. Za a ga wasu sun ragu. Kada a goge su duka, domin kuskuren da ya rage wa wasu shi ne ya ƙara wa wasu, in ka cire ɓangare ɗaya ka kumbura girman. Haka kuma kada a gudanar da Monte Carlo sau biyu daban-daban a debe wannan daga wancan. Nauyin ƙwayar bishiya ɗaya bai sauya tsakanin awon biyu ba, kuskurensa ɗaya ne, ya kamata ya soke kansa. In aka girgiza shi daban a kowane awo, rashin tabbas ɗin zai fito ya fi na gaskiya.

Don zana layin girma da shekaru, R tana da umarnin nls, kuma siffar Chapman-Richards ce aka fi amfani da ita a aikin daji. Takan ƙi tashi idan lambobin farawa sun yi nisa da gaskiya. A ɗauki mafi tsayin da aka gani a ƙara masa kaɗan a matsayin iyaka, ko a koma nlsLM na ƙunshin minpack.lm da ya fi haƙuri. Tunda bishiyoyin fili ɗaya ƙasa ɗaya suke ci, ba a ɗaukar su kamar baƙin juna, sai a yi amfani da ƙunshin nlme a sa fili a matsayin rukuni. Mai son hasashe daga yanayi zai ji labarin r3PG, wanda ya fito a 2020 yana ɗauke da tsarin 3-PG na Landsberg da Waring na 1997. Yana tafiya wata-wata, yana cin zafi da ruwan sama da hasken rana da ƙarfin ƙasa, kuma yana gudu da sauri. Amma yana neman lambobi masu yawan gaske ga kowane nau'i, waɗanda aka tanada galibi na bishiyoyin Turai ne da na gandun shuka. Ga gandun turare da aka dasa shekara ɗaya yana da ma'ana. Ga gawo warwatse a gonar gero, ba don shi aka yi shi ba.

Littafin jagorar BIOMASS yana da kyau, yana bin misali daga dajin Nouragues na Guyana ta Faransa mataki-mataki, kuma bayanan misalin suna cikin ƙunshin, ana iya koyo ba tare da an je daji ba. Da Turanci kawai yake, kuma duk misalansa na kurmi ne, babu inda ya zaunar da mai aiki a busasshiyar ƙasa ya gargaɗe shi kan abubuwan da muka lissafa. Wannan gibi ne na gaske. Sannan wasu umarnai, musamman masu gyara kusurwoyin fili, sun sauya suna tsakanin fitowa da fitowa, ta yadda rubutun da ya yi aiki shekaru uku baya zai iya tsayawa yau.

Wannan ya sa yadda ake miƙa aiki ga wani yake da muhimmanci kamar lissafin kansa. Kada a aika sakamako tsirara. A haɗa jaka ɗaya mai ɗauke da ɗanyen bayani a CSV wanda ba a taɓa shi da hannu ba, da jadawalin sunayen Hausa da na kimiyya, da rubutun R guda ɗaya da ke tafiya daga shigarwa har jadawalin ƙarshe, duk gyaran da aka yi yana ciki a rubuce tare da dalilinsa. A sa set.seed kafin Monte Carlo domin wanda ya karɓa ya sami lambobinka daidai. A ajiye sakamakon correctTaxo a fayil, tunda rumbun sunaye na intanet yana sauyawa, kuma abokin aikinka wataƙila ba shi da layi ranar da zai buɗe. A liƙa abin da sessionInfo ya fitar a ƙarshe, ko a yi amfani da renv ya kulle fitowar kowane ƙunshi. Hanyoyin fayil su kasance na cikin jakar, ba masu farawa da sunan kwamfutarka ba. Lambobin GPS na gonakin mutane kuma a rage musu ɗigo kafin a saka su a rumbunan intanet irin GitHub ko Zenodo, sai in masu gonakin sun yarda. Kafin a tura, a kwafe jakar zuwa wata kwamfuta, a rufe R a sake buɗewa, a gudanar da rubutun tun daga layin farko a ga ko ya kai ƙarshe.